T1 ɗina ya ƙi tsayawa wuri ɗaya: ni ne na yi kuskure, ko halin na'urar ne?

Ɗan Dundaye ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina aji huɗu a sashen fiziks na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aikina na kammalawa kuma a kan kwamfutar kwantum ne. Ba ginawa zan yi ba, awo zan yi. Malamina ya ce in zaɓi kiyubit ɗaya tak, wato ɗan abin da kwamfutar kwantum take ajiye 0 ko 1 a cikinsa, daga cikin na'urorin nan da ake barin kowa ya aika musu aiki ta intanet, in gano tsawon lokacin da yake riƙe abin da aka ba shi ajiya kafin ya sake shi. Wannan lokacin shi ake kira T1.

Ga yadda nake yi, don in akwai kuskure a gani. Kiyubit yana farawa a 0. Sai in aika umarnin da zai juya shi ya koma 1, in bar shi ya zauna na ɗan wani lokaci, sannan in tambaye shi: 0 kake ko 1? Amsa ɗaya ba ta nuna komai, saboda haka kowane jira ina maimaita shi sau 1000, in ƙirga sau nawa ya amsa da 1. Na ɗauki jira iri 16, daga sifili zuwa maikirosakan 150, goma-goma (maikirosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa). Idan sakamako ya dawo sai in zana shi a Python, harshen da nake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, in sa manhajar lissafi ta SciPy ta nemo mini lanƙwasar da ta fi dacewa da ɗigogin, daga nan T1 ya fito.

Ran Litinin na samu maikirosakan 180. Ran Laraba, wannan kiyubit ɗin dai, ban canza ko waƙafi a cikin umarnin ba, na samu 95. Ran Asabar 150. Mahaifina gero da dawa yake sayarwa, tun ina ƙarami nake riƙe masa mudu, kuma abin da na tashi na tarar shi ne mudun da yau ya ci kaza gobe ya ci rabin haka ba a awo da shi. To wanne zan rubuta a aikina? In na haɗa su na raba uku, raina bai kwanta da hakan ba.

Na biyu ya fi ɗaure mini kai. Na auna T2 ma, wato tsawon lokacin da kiyubit yake riƙe haɗin 0 da 1 kafin ya watse, na samu 230. An koya mana cewa T2 ba ya taɓa wuce T1 sau biyu. 95 sau biyu 190 ne. Ke nan ko dai dokar ta karye a hannuna, ko ni ne ban san abin da nake yi ba.

Na uku, ko da ban jira komai ba, wato na juya shi zuwa 1 na tambaye shi nan take, sau 950 kawai yake cewa 1 a cikin 1000. Ina sauran 50 ɗin suka tafi?

Mintunan da ake bayarwa kyauta a wata ba su da yawa, kowane gwaji da ya lalace ina jin sa a jikina. Kwamfutata tsohuwa ce, a shagon kawuna nake cajinta da rana, in yi aiki da ita da dare in gari ya ɗan sha iska. Saura mako bakwai in tsaya gaban malamai in kare aikin. Kuma gaskiya ko tambayar farko aka yi mini, wai me ake nufi da kiyubit yana 0 yana kuma 1 a lokaci ɗaya, abin da na haddace kawai zan maimaita. Ina so in fahimce shi, ba in haddace ba. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malamar Lissafi, Arkilla, ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ban taɓa ganin na'urar nan da idona ba, lissafi nake koyarwa a makarantar sakandare, amma rabin matsalarka lissafi ce, sai ka bari in taɓa wannan rabin.

Ka tsayar da jira da wuri. In T1 ya kai 180, to a maikirosakan 150 kashi 43 cikin ɗari na gwaje-gwajenka har yanzu suna 1. Ka ga kan lanƙwasar, ba ka ga wutsiyarta ba. SciPy kuwa abu uku take nema lokaci guda: inda lanƙwasar ta fara, saurin gangarowarta, da inda za ta kwanta a ƙarshe. In ba ka nuna mata inda za ta kwanta ba, sai ta yi ta musayar ɗaya da ɗaya, ta ɗaga wutsiya ta rage T1, ko ta sauke wutsiya ta ƙara shi, duk kuma su yi kama da sun dace. Ka miƙa jiran ya kai T1 sau huɗu, wajen 700 ke nan, inda abin da ya rage wajen kashi 2 ne kawai. Ba sai ka ƙara yawan ɗigogi ba, ka baza su kawai.

Amma kada ka ɗauka wannan ya share maganar. Ka koma kan lambobinka na asali, kafin a zana komai, ka dubi ɗigon ƙarshe na Litinin da na Laraba. In 180 gaskiya ne, na Litinin zai zo wajen 0.43. In 95 gaskiya ne, na Laraba zai zo wajen 0.21. Rawar da ƙirge sau 1000 yake yi ba ta wuce kusan 0.016, ana samunta ta ninka p, wato rabon amsoshin da suka zo 1, da 1 ban da p, a raba da 1000, a ɗauki saiwa. To in ka tarar da 0.43 da 0.21 a rubuce, wannan tazara ta fi ƙarfin sa'a nesa ba kusa ba, kuma ba laifin SciPy ba ne. Abin da kake aunawa ne ya canza.

Tunda ka kawo maganar mudu: ai mudu ma ana gwada shi da wanda aka yarda da shi. Ka ƙirƙiri sakamakon ƙarya da manhajar NumPy, ka sa T1 ɗin da kai ka sani, a ce 180, ka bar kwamfuta ta yi maka ƙuri'a sau 1000 a kowane jira, ka ba wa lissafinka, ka ga ko zai dawo maka da 180. Ka yi haka sau ɗari da jiran 150, sau ɗari da jiran 700, ka ga yadda amsoshin suka bazu. Ba zai ci maka ko daƙiƙa ɗaya daga mintunanka ba. Sannan SciPy abu biyu take dawo maka da su, yawancin ɗalibai na farkon suke ɗauka su watsar da na biyun. A cikin na biyun nan girman kuskuren awonka yake. Kada ka sake rubuta T1 ba tare da shi a gefe ba.

Maganar 0 da 1 a lokaci ɗaya kuwa, ni na daina faɗinta ga ɗalibai masu tambayata, don ba ta haifar da komai sai ruɗani. Ka ɗauki biro. Halin kiyubit lambobi biyu ne, ɗaya na 0 ɗaya na 1, in ka ninka kowanne da kansa ka samu rabon da yake da shi na fitowa idan an auna. Akwai ƙofa, wato umarnin da ke juya halin kiyubit, da ake kira H, sunan Hadamard ta ci. Ta karɓi 0, sai ta ba kowane ɓangare 1 bisa saiwar 2. Ta karɓi 1, sai ta yi haka nan, amma ɓangaren 1 ya zo da alamar ragi. Ka bi da 0 ta cikinta sau ɗaya, ka auna, rabi da rabi, kamar kwabon da aka jefa sama. Yanzu kada ka auna, ka sake bi da shi ta cikinta. A ɓangaren 0 za ka samu rabi a tara da rabi, ɗaya ke nan. A ɓangaren 1 rabi a cire rabi, babu komai. Ya dawo 0 tabbas, kowane lokaci. Kwabon da aka jefa sau biyu ba ya haka. Wannan alamar ragin da ta sa hanyoyi biyu suka kashe juna, ita ce abin da kwamfutar kwantum take da shi wanda tawa da taka ba su da shi. In malamai sun tambaye ka, ka tashi ka yi musu wannan a allo, layi huɗu ne.

Mai Hoton Asibiti ya rubuta:

Malam, da na ga T1 da T2 a kan zaren nan sai na ɗauka wani abokin aikina ne. Hoton MRI nake ɗauka, kullum da waɗannan haruffa nake kwana nake tashi. Ba kwamfutar kwantum ce ta fara su ba. Felix Bloch ne ya sa su a lissafinsa a 1946, lokacin da ake nazarin yadda ƙwayoyin zarra suke juyawa a cikin maganaɗisu, ya kuma samu kyautar Nobel a 1952 tare da Edward Purcell.

A wajenmu majinyaci yana kwance a cikin maganaɗisu, in mai ƙarfin tesla 1.5 ne to haidurojin ɗin ruwan jikinsa yana juyawa wajen sau miliyan 64 a daƙiƙa. Mu buga masa igiyar rediyo mu kauda shi daga inda ya saba, sannan mu saurari komawarsa. Kitse yana komawa da sauri, ruwa yana daɗewa, shi ya sa a hoton T1 kitse ke haske ruwa ya yi duhu, a hoton T2 kuma ruwa ke haske.

Yadda nake bambanta wa masu koyon aiki su biyun: ka tuna mata suna luguden daka. T1 shi ne lokacin da za su ɗauka kafin ƙarfinsu ya ƙare su ajiye taɓare. T2 shi ne lokacin da za su ɗauka kafin luguden ya watse, wannan ta riga waccan ta makara, alhali kowacce tana daka da ƙarfinta. Lugude yana iya watsewa ba wadda ta gaji, amma in sun ajiye taɓare ba sauran maganar lugude. Shi ya sa T1 yake yi wa T2 iyaka.

Abin da zan tambaye ka: wane T2 ka auna? Iri biyu ne. Akwai na kai tsaye, akwai wanda ake juya abin a tsakiyar jira, dabarar da Erwin Hahn ya gano a 1950, mu ma da ita muke aiki. Na biyun yakan fi na farkon tsawo, wani lokaci sosai. Ka rubuta wanne ne a aikinka. Kuma ka sani dangantakar ba ta suna ba ce kawai: a 2001 masu bincike na IBM da Jami'ar Stanford sun yi amfani da wannan hanya ta maganaɗisu, da kiyubit 7, suka warware 15 zuwa 3 sau 5 da dabarar Peter Shor ta 1994.

Kawu Mai Sola ya rubuta:

Ɗana, Allah ya ba da sa'a. Ni shekara goma sha ina haɗa wa mutane sola daga Mabera har Wamakko. Tambayata ta gaskiya ce, ba ta raini ba. Yaro mai kaifin kai irinka, a garin da rana take neman fasa dutse amma firjin asibitin ƙauye ba ya sanyi, me ya kai ka auna na'urar da ke wata ƙasa, wadda ba za ka taɓa ta da hannu ba? Ga cibiyar binciken makamashi nan a jami'arku. Ina ganin da can ka nufa da mun fi cin moriyarka. In akwai abin da ban gani ba a nuna mini.

Basakkwace a Jamus ya rubuta:

Salamu alaikum. Ƙanena, na ji daɗin wagga tambaya ƙwarai, don irin wanga aiki nike yi nan, shekara ta ukku ke nan ina kwana gindin firjin da ka riƙe irin waɗanga kiyubit. Malama da Mai Hoto sun yi rabin aikin, bari in ɗora.

Ba ka yi kuskure ba. T1 shina yawo, kuma kowa cikin wagga sana'a ya san haka.

Ka fara sanin abin da kake aika wa umarni. Kiyubit ɗin nan da'irar lantarki ce ƙarama da anka shimfiɗa bisa ɗan allon silikon. Zuciyarta ƙarfen alminiyom ne hawa biyu, tsakaninsu fatar tsatsar alminiyom ɗin da kaurinta bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba. Mahaɗar Josephson ake ce mata, don Brian Josephson ya hango halinta a 1962. Irin ƙirar da anka fi amfani da ita yau, tiransmon, a Jami'ar Yale ta fito a 2007. Kyautar Nobel ta fiziks ta 2025 ma kan wanga fage ta faɗa: John Clarke da Michel Devoret da John Martinis, saboda gwajin da sunka yi a Berkeley a 1984 da 1985, inda sunka nuna da'irar da ake iya riƙewa a hannu tana bin dokokin kwantum.

Tazarar 0 da 1 a irin wanga kiyubit wajen gigahaz 5 ce, wato kaɗawa sau biliyan 5 a daƙiƙa. In ka mai da ita ma'aunin zafi, ka ninka da lambar Planck ka raba da ta Boltzmann, kelbin 0.24 za ka samu (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga sanyin da babu ƙasa da shi). Ka yi da kanka, ka sa a babi na biyu. Ranar da Sakkwato ta kai digiri 43 cikin Afrilu, kelbin 316 ke nan, ya ninka waccan tazara fiye da sau dubu. A irin wanga zafi kiyubit ba ya riƙe komi, alminiyom ɗin ma sai ya sauka ƙasa da kelbin 1.2 kafin ya bar lantarki ya wuce ba tirjiya. Shi ya sa muke sanyaya shi da garwayen hiliyom-3 da hiliyom-4 har wajen kelbin 0.015, ƙasa da sanyin sararin samaniya mai kelbin 2.7. Kwana biyu ko fiye firjin ka ɗauka kafin ya kai can.

To mi ke sa T1 yawo? Tsatsar nan da sauran fatun da ke saman allon ba su da tsari irin na lu'ulu'u. A cikinsu akwai 'yan lahani, zarra ko gungun zarra da ke iya zama nan ko can, kowane da nashi mitar, wato saurin kaɗawarsa. Mitar tasu ba ta tsayawa, tana gantali a hankali. Ranar da ta wani ta matso kusa da ta kiyubit ɗinka, sai ya riƙa shanye mai ƙarfi, T1 ya faɗi. Ya gusa, T1 ya tashi. Masu bincike na Google sun bi diddigin wanga abu sun wallafa a 2018. Ni da idona na ga T1 ya rabe biyu tsakanin azahar da la'asar, ba wanda ya taɓa firjin. Saboda haka 180 da 95 da 150 duk suna iya zama gaskiya, kowane gaskiyar ranarsa. Mudunka lafiya lau yake in ka gyara shi yadda Malama ta ce. Hatsin ne ke canzawa.

Daga nan amsar tambayarka ta biyu ta fito. Wace rana ka auna T2? Ina kyautata zaton Litinin. In haka ne, da 180 za ka gwada shi, iyakarsa 360, kuma 230 bai taɓa ta ba. Ka haɗa T2 na wata rana da T1 na wata. Daga yau ka sa su cikin aiki ɗaya, a cuɗe, ɗigon wanga sannan ɗigon wancan, su ga yanayi ɗaya.

Kan abin da Mai Hoto ya ce, ƙari ɗaya. Shi miliyoyin ƙwayoyi gare shi suna lugude tare. Kai kiyubit ɗaya gare ka, luguden naka tsakanin maimaici ne: a gwaji na farko mitar ta ɗan yi sama, a na ɗari ta ɗan yi ƙasa, in ka tara 1000 sai su ɓata wa juna. Awon Ramsey kuwa, wato T2 na kai tsaye da Mai Hoto ya ambata, shi ne ainihin abin da Malama ta sa ka yi da biro, ƙofa, jira, ƙofa. In ba abin da ya taɓa alamar nan lokacin jira, ya dawo daidai. Dabarar Hahn kuma ka san ta a kasuwa: sikelin da ya karkata gefe ɗaya, ka auna kaya a dama, ka mai da su hagu ka sake aunawa, karkatar ta cinye kanta. Amma in iska ce ke kaɗa sikelin, musanya ba ta magani. Juyin tsakiya shina share ɓacin da ya tsaya cik lokacin gwajin, ba ya share mai saurin canzawa. Bambancin T2 biyun nan shi ka gaya maka wace irin hayaniya ke damun kiyubit ɗinka.

Hamsin ɗin da sunka ɓace, mafi yawansu wajen karatu ne. Ba a leƙa kiyubit kai tsaye, ana aika igiyar maikirowef ga wata 'yar da'ira da ke maƙwabtaka da shi, a ji yadda ta dawo. Siginar rarrauna ce, wani lokaci a karanta 1 a matsayin 0. Kuma karatun kansa shina ɗaukar lokaci, kiyubit na iya faɗuwa ana cikin yi, shi ya sa kuskuren ya fi yawa ta wajen 1. Ka ƙara gwaji biyu a kowane aiki: shirya 0 ka karanta, shirya 1 ka karanta. Ka bar farkon lanƙwasa da ƙarshenta a sake, kada ka tilasta musu 1 da sifili.

In lokaci ya rage maka, akwai awon ingancin ƙofofi: a jera ƙofofi barkatai daga cikin 24 da ake kira na Clifford, a rufe da wadda za ta maido da kiyubit 0, a ga yadda dawowar ke raguwa in jerin ya ƙara tsawo. Dalilin damuwa da shi a fili yake. Ƙofa mai kuskure kashi 1 cikin ɗari, in ka jera 100, kashi 37 kawai ka tsira. Amma mako bakwai gare ka, ni dai da T1 da T2 zan tsaya in yi su da kyau.

Kawu, tambayarka tana bisa hanya, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba. Yau babu kwamfutar kwantum da za ta sanyaya firjin asibiti, kuma ayyukan yau da kullum kwamfutar da ke shagonka ta fi ta. Abu biyu nike gani. Dabarar Shor, in na'ura ta girma ta isa, tana karya irin makullin da bankuna ke rufe kuɗin mutane da shi, har hukumar ma'aunai ta Amurka ta fitar da sababbin makullai a Agustan 2024 don shirin wagga rana. Bankunanmu ma sai sun canza, kuma gara a samu namu da sunka san dalili. Na biyu, abin da yaron ga ke koyo shi ne ya auna abu, ya san girman kuskurensa, ya bambance lalacewar ma'auni da canjin abin da ake aunawa. Batirin da kake haɗa wa mutane, wanda anka rubuta ma wani ƙarfi a jiki amma zafin Mayu ya mai da shi wani abu daban, irin wanga hannu yake buƙata. Kafin Mayun 2016, lokacin da IBM ta fara sa na'ura mai kiyubit 5 a intanet, ɗalibi a Dundaye ba shi da hanyar taɓa irin wagga na'ura ko a mafarki.

Ɗan Dundaye ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Kwana huɗu ban amsa ba don ina so in dawo da abin hannu.

Malama, na duba. Ɗigon ƙarshe na Litinin 0.42, na Laraba 0.22. Na kuma yi gwajin mudun. Da jiran 150 amsoshin sun bazu ƙwarai, da jiran 700 suka taru kusa da 180 ɗin da na sa. Ƙofar H kuma na yi ta a takarda sau uku, na yi wa ƙanwata da ke aji biyar na sakandare, ta gane, har ita ta riga ni faɗin cewa rabi a cire rabi babu komai.

Yaya, zatonka daidai ne, daren Litinin na auna T2, kuma irin na Hahn ne. Jiya na haɗa su cikin aiki ɗaya: T1 ya zo 168, kuskure 7 sama ko ƙasa, T2 na Hahn 205, kuskure 12. Shirya 0 ya karantu daidai sau 988, shirya 1 sau 953.

Na kai wa malamina, muka canza kan aikin. Maimakon lamba ɗaya, zan auna T1 kullum har kwana 14, in zana yadda yake yawo. Na rage maimaici zuwa 500 da ɗigo 12 don mintunan su isa.

Kawu, na karɓi maganarka. In na kare aikin zan zo shago da mita, mu auna batiran nan da safe da kuma tsakar rana.

Sabuwar tambaya: na gwada Ramsey sau ɗaya. Igiyar tana hawa da sauka yadda ake so, amma sai ta shuɗe wajen maikirosakan 25, ta sake dawowa wajen 50. Lanƙwasa mai mita ɗaya ta ƙi zama a kanta. Kuma ko ya kamata in riƙa aunawa a sa'a ɗaya kullum, kamar bayan sallar asuba?

Basakkwace a Jamus ya rubuta:

Awo, wanga shi ne aiki. Abin da ka gani mita biyu ce kusa da juna, suna haɗuwa suna rabuwa. Tunda ta shuɗe a 25 ta dawo a 50, tazararsu wajen kilohaz 20 ce, ɗaya bisa maikirosakan 50. Kiyubit ɗinka shina tsalle tsakanin mita biyu lokacin da kake maimaici, ko saboda ɗaya daga cikin lahanin nan da ke kusa da shi, ko saboda cajin lantarki da ke shiga da fita ɗan ƙarfen da anka yi shi da shi. Ka sa igiya biyu cikin lissafin, kowace da mitarta, su yi tarayya a lokacin shuɗewa ɗaya, ka ba SciPy hasashen farko daga abin da idonka ya gani. Ka ƙara ɗigogi a wanga gwajin kam, 12 ba su isa.

Firjin bai san asuba ba, sanyinsa ɗaya dare da rana. Sa'ar da ka aika aiki ma ba lallai ita ce sa'ar da anka gudanar da shi ba, don akwai layi. Lokacin da na'ura ta rubuta a jikin sakamakon shi za ka ɗauka, tare da lokacin da anka yi mata saiti na ƙarshe, shi ma ana nuna shi. In mintuna sun bari, ka zaɓi rana ɗaya cikin 14 ɗin ka auna sau huɗu a jere, a ga ko yawon na sa'o'i ne ko na kwanaki. Ka turo mini zanen Ramsey ɗin da lambobinsa in duba kafin Juma'a.